Ɗigo Uku a Kan Allon Talla

"Ba zan rubuta ba," in ji Roz Tedesco.

Walt Dunleavy, editan jaridar, ko ɗaga kai bai yi ba. Yana ta fama da wani burodi da aka cusa wa nama, romo na ɗiga a gaban rigarsa. Ya ɗauka ba ta ji da kyau ba ne, sai ya maimaita a hankali, irin yadda ake yi wa baƙon da bai iya yare ba. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba, in ji shi. Ta koma ta sake kallon fim ɗin, ta rubuta rabin shafi, ta ce wancan karon gajiya ce ta rufe mata ido, yanzu kuwa ta ga haske. Ana kiran wannan sake dubawa, kuma babu mai sharhin fim a Los Angeles da bai taɓa yi ba.

"Na ji ka tun farko, Yallaɓai. Ba zan rubuta ba."

Sai a lokacin ya ajiye burodin ya dube ta. Shekararta ashirin da shida, ta fito jami'a da digirin adabi, kuma ita ce mace ta farko da ta hau kujerar sharhin fina-finai a wannan jarida mai fitowa da yamma. Ba don ana sonta aka ba ta ba. Tsohon da ke kan kujerar ne ya mutu a cikin silima, aka ɗauka barci yake yi kamar kullum, sai da aka zo shara. Roz ta san yadda aka yi ta samu kujerar, ta kuma san ba ta da niyyar sauka.

Fim ɗin da ya jawo rigimar sunansa *Inuwa Ba Ta Biyan Haya*, na kamfanin Harlan-Voss, wanda wani darakta mai gemu, Dorian Kemp, ya shirya a wannan shekara ta 1975. Irin fim ɗin nan ne na ɗan bincike mai zaman kansa, mai malafa da doguwar kwat, wanda wata kyakkyawar mace za ta shigo ofishinsa ta yi masa ƙarya, shi kuma ya san ƙarya ce, amma ya bi ta. An yi irinsu da yawa zamanin iyayen Roz, ana kallo ana mantawa. Sai da Faransawa suka raɗa musu suna *nuwar*, wato baƙi, sannan mutanen Hollywood suka gano ashe fasaha suke yi ba su sani ba. Yanzu ga shi an dawo da su cikin launi, an ƙara musu tsawo, an cire musu dariya.

A fim ɗin Kemp, ɗan binciken ba ya bincike. Zama yake yi a mota yana shan taba yana kallon wata taga. Ruwan sama kuwa tun daga farko har ƙarshe bai ɗauke ba, a garin da kowa ya san sai a shekara ba a jiƙa takalmi ba. Roz da idonta ta ga tankokin ruwan kamfanin suna jiƙa titin Alvarado da rani tsaka, lokacin da ake roƙon mutane su daina ba ciyawar ƙofar gida ruwa. A ƙarshen fim ɗin ɗan binciken bai gano kowa ba, bai ceci kowa ba, ya koma mota ya kunna wata tabar.

Ta dawo ofis ta zauna gaban tafireta ta rubuta: "Abin al'ajabi ne a ce mutum ya kusa awa uku yana shan taba a mota, a kira wannan labari. Ban taɓa ganin irinsa ba, ina kuma roƙon Allah kada ya maimaita mini."

Kwana kaɗan bayan haka tana tuƙi a titin Sunset, sai ta ga sunanta a sama, kowane harafi ya kai tsawon mutum. Allon talla ne na fim ɗin, ga ɗan binciken da malafarsa, a ƙasa an rubuta: ABIN AL'AJABI... BAN TAƁA GANIN IRINSA BA! Sannan sunanta da na jaridarta. Saura ƙiris ta afka wa motar madara.

Al'adar garin ke nan. Mai tallar fim yana da ikon ɗaukar maganar mai sharhi ya yanke abin da bai yi masa ba, muddin ya sa ɗigo uku a wurin da ya yanka. Ɗigo ukun nan su ne lauyansa, su ne shaidunsa. Kamfanin kuma ya sanar da Dunleavy cewa tunda allo ya hau, bai kamata jarida tana faɗin wani abu, allo yana faɗin wani ba. Ko yarinyar ta daidaita da allon, ko su janye tallarsu daga shafukan Juma'a.

Daga ofishin edita Roz ta wuce kan tebur ɗinta ta buga wa Skip Hollis waya. Shi ne shugaban talla na Harlan-Voss, mutum mai murya kamar zuma, wanda ya taɓa tallata fim ɗin da shi kansa bai gani ba har ya yi kuka a rediyo.

"Gimbiya," in ji shi, "kin ga kanki? Na sa an yi miki harufan zinare."

Ta ce masa shi mahauci ne, kuma ko mahauci yakan tambayi mai saniya kafin ya sa wuƙa.

"Haba, 'yar gari. Na taɓa ƙara miki kalma? Ragewa kawai na yi. Likita ma ragewa yake yi, a biya shi a yi masa godiya."

"Alamar motsin ran fa? Ita ma tawa ce?"

"Ita kyauta ce daga gare ni."

Ta kife wayar. Da maraice ta je wurin uwarta, Carmela, mai shagon wanki da guga a Lincoln Heights, tana neman wanda zai taya ta jin haushi. Ta tarar an riga an kai matan coci su huɗu ƙarƙashin allon an ɗauki hoto, an manna shi kusa da na Paparoma. Roz ta yi bayani tiryan-tiryan: an yanke maganarta, an juya ta, an sa mata abin da ba ta faɗa ba. Carmela ta saurara tana ninke rigar wani, sannan ta ce ita dai ta je ta kalli fim ɗin, kuma tun rasuwar mahaifin Roz ba ta taɓa samun barci mai daɗi irin na ranar ba, saboda haka a wurinta ba a yi ƙarya ba, abin al'ajabi ne.

"Mama, sunana aka sace."

"Wanda aka sace ɓoye shi ake yi, 'yar nan. Naki ga shi can kowa na gani. Zauna ki ci taliya."

Hukunci bai zo da hayaniya ba. Kawai dai aka daina gayyatarta ɗakunan da ake nuna wa 'yan jarida fim kafin ya fito, masu kujeru masu laushi da kofi kyauta. Harlan-Voss ne suka fara, sauran kamfanoni suka bi, don a garin nan in an ga ana jifan kare kowa yakan nemi dutse. Dunleavy ya ɗauke sharhinta daga gaban shafin nishaɗi ya kai shi can baya, tsakanin tallar tayoyi da ta maganin basir. Ya ce in ta gaji ta san inda ofishinsa yake.

Ba ta gaji ba. Ta koma sayen tikiti da kuɗinta, tana shiga kallon rana tare da 'yan fansho da waɗanda suka gudo wa zafi suka zo shan sanyin silima. Takalminta na mannewa a ƙasa saboda lemon da aka zubar, na bayanta yana tauna gugguru a kunnenta, tana rubutu a kan gwiwa cikin duhu. Sharhinta yakan fito bayan na kowa, lokacin da an riga an yanke wa fim hukunci. Duk da haka kowace Juma'a yana nan, kusa da tayoyi.

Masu sharhi na New York kuwa sun ɗauki *Inuwa* sun aza a ka. Wani ya ce ruwan saman hawayen Amurka ne. Wani ya ce tabar ita ce rayuwar ɗan Adam, tana ci tana ƙarewa. Wani ya cika shafi uku a kan malafar kaɗai. Da kamfanoni suka ga haka, kowa ya aika a sayo malafa. Kafin shekara ta juyo, babu silimar da za ka shiga ba ka tarar da wani mutum mai baƙin rai yana kallon taga ta cikin ruwa ba. Masu tankokin ruwa suka yi gidaje.

Roz ta koyi sabon salon rubutu. Duk jimlar da ta buga sai ta karanta ta da idon Skip, ta ga inda wuƙa za ta iya shiga. Ta kori duk wata kalma mai daɗi daga tafiretarta. Babu "kyau", babu "mamaki", babu "ƙwarai", ko da kalmar "ba" ta tsare su gaba da baya. Da Harlan-Voss suka fito da ɗan bincikensu na biyu, wanda shi a jirgin ruwa yake shan tasa tabar, ta rubuta: "Ku je ku kalla, yadda injin wanki yake juya kaya a shagon uwata ya fi wannan fim labari." Ta karanta, ta sake karantawa, ta tabbata babu tsokar da mahauci zai samu.

Ranar Litinin allo ya hau: KU JE KU KALLA...! Carmela ta yi fushi da aka cire shagonta.

A fim na uku Roz ta yi abin da ba a taɓa yi ba a jaridar. Ta sa sunan fim ɗin a sama, ta bar fili fari, a tsakiya ta rubuta kalma ɗaya: "A'a." Dunleavy ya yi ta faɗa, ya ce ba a biyanta don ta sayar masa da farar takarda, amma ya buga, don ya rasa abin cike gurbin. Wannan karon Skip bai ko buƙaci ɗigo ba. Ya sa an rubuta tambaya da manyan harufa, AKWAI FIM ƊIN DA YA FI WANNAN A BANA? A ƙasa kuma amsar Roz Tedesco, cikakkiya, ba a taɓa mata ko wasali ba. Ya aiko mata da furanni. Ta ba mai gadin ƙofa ya kai wa matarsa.

Akwai abin da ba ta faɗa wa kowa ba. Ta koma ta sake kallon *Inuwa*, ba don Dunleavy ba, don kanta, ko da a ce ita ce ta kuskure. Ba ta kuskure ba. Amma can wajen tsakiya akwai wani ɗan wuri da wata mai kawo abinci take goge tebur bayan ɗan binciken ya tashi, ta ɗaga kofinsa, ta ga bai bar mata ko sisi ba, ta yi wani ɗan murmushi ta ci gaba da aiki. Matar ba ta da suna a fim ɗin. Wannan murmushin ya fi duk sauran fim ɗin gaskiya, kuma Roz ta so ta rubuta haka, don matar ta gani. Ta zauna gaban tafireta ta ga babu yadda za ta faɗa ba tare da ta miƙa wa Skip nama a faranti ba. Ta bar shi. Wannan ya fi allon yi mata ciwo.

Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ta Hollywood tana yi, har da jikoki. An ba *Inuwa* lambar yabo a Faransa, Dorian Kemp ya ƙara tsawon gemu, malaman jami'a suka fara koyar da fim ɗin. Da suka tashi neman wanda ya fara gane darajarsa, sai suka tarar jaridar yamma ta Los Angeles ta riga na New York fitowa da kwana guda. Ba wanda ya je ya nemi tsohuwar jaridar ya karanta, ga hoton allo a ko'ina. Haka Roz Tedesco ta zama yarinyar da ta fara ganin girman Kemp tun duniya na barci. Ɗalibai suka riƙa tare ta a layin tikiti suna gaishe ta. Tana gaya musu gaskiya, su yi dariya su ce ashe tana da barkwanci.

Kamfanin ya shirya sake fito da fim ɗin da gagarumin biki. Dunleavy ya kira ta, wannan karon babu burodi a hannunsa. Ya ce tallar Juma'a ta tafi tun bara, masu jarida sun gaji, shi ma ya gaji. Kafin ranar bikin yana son sake dubawar nan a kan tebur ɗinsa, in ba haka ba kujerar ta zama ta wani. Ya ce duniya gaba ɗaya ta riga ta yarda ta yabi fim ɗin, mene ne a ciki in ta yarda ita ma.

A makon ne Misis Lenore Ashby ta sauka a garin. Ita ce editar wata babbar mujalla ta wata-wata a New York, irin wadda Roz take saye tun tana ɗaliba ta karanta har tallar agogo. Ta gayyaci Roz cin abincin rana a wani otal a Beverly Hills, inda ake kawo ganye uku a faranti mai faɗin tire. Mace ce mai furfura, mai magana a taƙaice. Ta ce mai sharhinsu zai yi ritaya, suna son jini sabo, kuma suna son mace. Shafi huɗu kowane wata, ba mai taɓa mata waƙafi. Ofis mai taga. Za su sanar da zuwanta a fitowar da suka sa *Inuwa* a bangon mujallar, a matsayin fim ɗin da ya fi kowane a waɗannan shekaru, da ita kuma a matsayin wadda ta fara gani.

Roz ta tuna ƙasan silima mai danƙo, da tayoyi, da maganin basir. A New York ba Dunleavy, ba Skip, kuma a shafi huɗu akwai wurin da za a yi maganar mace mai goge tebur.

"Abu ɗaya nake son ji daga bakinki," in ji Misis Ashby. "Me kika gani a cikinsa da sauranmu ba mu gani ba sai daga baya?"

Amsar tana nan a shirye. Roz ta yi jami'a, ta san yadda ake dafa irin wannan miya: a zuba yaƙin da Amurka ta sha kashi, a zuba shugabannin da suka yi ƙarya, a ce ɗan binciken da bai gano komai ba shi ne ƙasar baki ɗaya. Za ta iya yi ta fi wanda ya cika shafi uku a kan malafa iyawa, kuma kafin a kawo kofi an gama.

"Agogona na gani, ranki ya daɗe," in ji ta. "Na yi ta dubawa."

Misis Ashby ta yi dariya, ta ce an gaya mata yarinyar tana da baki. Roz ba ta yi dariya ba. Ta karanto mata jimlolin nan biyu da ka, daga farko har ƙarshe, da abin da ɗigo uku suka haɗiye. Ta ba ta labarin injin wanki, da na "A'a". Matar ta ajiye cokali mai yatsu ta daɗe tana kallonta, ba da fushi ba, kamar dai mai duba kaya mai kyau da aka ce ba na sayarwa ba ne.

Sannan Misis Ashby ta nuna mata wata mafita. Ta ce ba wanda ya ce sai ta yabi fim ɗin. Kada ta rubuta komai a kansa har abada, in ta ga dama. Mujallar ta riga ta sa shi a bango, ba za ta ɗauko wadda za ta tsaya a tsakar gida ta ce bangon ƙarya ne ba. Shiru kawai ake nema, shiru kuwa ba ƙarya ba ne.

"In an tambaye ni zan faɗa."

"Ba wanda zai tambaye ki, 'yata."

"Ke kin tambaya."

Aka kawo kofi, suka sha suna maganar zafin gari. Da za su rabu Misis Ashby ta riƙe hannunta ta ce ta ji daɗin haɗuwar ƙwarai, kuma da alama da gaske take. Ba ta sake kira ba.

Ranar bikin ta zo, tebur ɗin Dunleavy babu komai a kai. Ya ba wani saurayi daga sashen wasanni kujerar, mai suna Chet, wanda bai taɓa kallon fim ɗin da bai burge shi ba, har Skip ya riƙa ƙorafin yaron ya kashe masa sana'a. Ita kuma aka ce ta zaɓa, ko ƙofa, ko tebur ɗin hasashen yanayi da sanarwar rufe hanyoyi. Ta ɗauki tafiretarta da hannunta ta sauka hawa ɗaya, ta zauna kusa da injin kofi, ta fara rubuta cewa gobe za a yi rana.

Ta rasa kujerar New York, ta rasa ta Los Angeles. Tana da shekara ashirin da takwas a lokacin, sharhin fim shi ne abin da ta fi iyawa a duniya, kuma babu jaridar da ta sake buga mata ko guda ɗaya.